Hadassah da Ɗanyen Katako

Ranar Asabar ce, sha huɗu ga watan Satumba na shekarar 2024, da misalin ƙarfe goma na safe. A wannan rana aka fara zaluntar Malam Zakariyya'u mai katako. Wadda ta fara zaluncin kuwa ba wata babba ba ce. Yarinya ce 'yar shekara goma sha biyu, sunanta Hadassah.

Ga yadda abin ya faru.

Hadassah tana aji ɗaya a wata ƙaramar sakandare da ke Kakuri, a Kaduna. Tana zaune da kakarta, wadda kowa yake kira Kaka Edith. Kaka Edith tsohuwar malamar makaranta ce. Shekara talatin da biyar ta yi tana riƙe da alli kafin ta yi ritaya. Ba ta son ƙarya, ba ta son aikin ganin ido. Har yanzu ba ta fita sai da jan biro a jakarta.

Wata rana ta ji cewa ajin su Hadassah ba su da littattafan karantawa, in ban da na darasi. Ranta ya ɓaci ƙwarai. Ta jawo tsohon akwatinta na ƙarfe daga ƙarƙashin gado, ta fito da littattafai arba'in da bakwai. Akwai na tatsuniya, akwai na labarin ƙasa. Akwai kuma wani babban ƙamus da mahaifinta ya saya mata ranar da ta fara koyarwa.

Ta ce, "Na ba ajinku duka. Amma ba za a zube mini su a ƙasa ba. Sai an yi musu kanta."

Malamin fasaha na ajin, Malam Ishaya, ya yi murna. Shi ma Kaka Edith ce ta koyar da shi a aji uku na firamare. Ya ce yaran da kansu za su haɗa kantar, don su koyi riƙe zarto da guduma. Shi ba kafinta ba ne. A littafi ya karanta yadda ake yi, amma yana da himma.

Ranar Juma'a ya kira Hadassah.

"Rumfar Malam Zakariyya'u tana kusa da gidanku. Na aika masa cewa za ki zo gobe. Ga takarda, na rubuta awon. Falanki shida. Abu ɗaya kawai zan gaya miki: busasshe. Me na ce?"

"Busasshe, Malam."

"Madalla. Duk wanda ya ba ki, ki karɓa. Ya fi mu sani."

Washegari Hadassah ta tafi. Rumfar tana can bayan tsohuwar masaƙa, a layin masu katako. Malam Zakariyya'u dattijo ne mai farin gemu, da guntun fensir a bayan kunne. Kafintoci suna zuwa wurinsa daga Romi, har daga Tudun Wada, saboda ba ya ɓoye aibin kayansa.

"Ina kwana, Baba?"

"Lafiya lau, jikata. Ke ce 'yar aiken Malam Ishaya? Kantar littattafai ko? Zo ki gani."

Ya kai ta can ƙuryar rumfa. Wasu falankai ne a jere, an sa 'yan sanduna a tsakaninsu. Sun yi toka-toka, duk sun dushe.

"Waɗannan sun fi shekara suna shan iska. Ɗaga ki ji."

Ta ɗaga gefen ɗaya. Ba nauyi sosai.

"Yanzu ƙwanƙwasa."

Ta ƙwanƙwasa da yatsa. Ƙwal! Ƙwal!

"Kin ji muryarsa? Haka busasshen katako yake amsawa. Sannan ki rufe ido ɗaya, ki hango gefensa daga nan zuwa can. In ya miƙe sambal, to. Ki kuma duba ko akwai 'yan ramuka masu fitar da gari. In akwai, ƙwaro ya riga ki saye."

Hadassah ta ce, "To, Baba." Amma hankalinta ba ya wurin.

A bakin rumfa akwai wani tarin falankai sababbi. Jajaye ne kamar manja. Rana tana dukansu, suna sheƙi. Ta dube su, ta juyo ta dubi masu toka-tokan nan. A ranta ta ce, "Waɗannan ai sai akurkin kaji. In na kai su aji, dariya za a yi mini."

"Baba, wancan jan fa?"

"Madaci ne. Katako ne mai kyau, amma shekaranjiya aka yanko shi. Ɗanye ne sharaf. Je ki taɓa bakinsa da bayan hannu."

Ta taɓa. Sanyi ƙalau, kamar tulu. Ta ƙwanƙwasa. Dib. Dib.

"Kin ji ko? Ruwa ne fal a cikinsa. In aka yi kanta da shi yanzu, zai lanƙwashe, ya tsage, ya tofar da ƙusoshi. Littattafai kuma su sha danshi."

Hadassah ta ji duk wannan da kunnenta. Babu kalmar da ta wuce ta. Amma ta riga ta hango kanta ja a gaban aji, kowa yana cewa, "Hadassah ce ta zaɓo!"

Sai ta buɗe baki ta yi ƙarya.

"Ai malaminmu ya ce ja yake so. Ya ce in ba ja ba, kada in kawo."

Malam Zakariyya'u ya cire fensir daga bayan kunne, ya sosa gemu da shi.

"Haka ya ce? Ikon Allah. To, wataƙila ba yanzu zai yi aikin ba. Zan ba ki, amma da saƙo. Ki gaya masa kada a buga wa katakon nan ƙusa ko ɗaya. A jera shi a inuwa, a sa sanduna tsakani, sai ya yi wata shida. Maimaita mini."

"Kada a buga ƙusa. A jera a inuwa. Wata shida."

"Yarinya mai kai. Allah ya yi miki albarka."

Ya kira mai keke napep, aka ɗaure falankan, aka kai su makaranta.

Ranar Litinin ajin ya kaure da ihu.

"Kai! Dubi ja!"

"Hadassah, kin iya zaɓe!"

Hadassah ta ji daɗi har cikin ƙashinta. Malam Ishaya ya zo ya ɗaga falanki ɗaya, ya yi nishi, ya ajiye.

"Wannan da nauyi yake. Kin tabbata busasshe ne?"

Nan ne wurin isar da saƙo. Magana uku kawai ake nema. Amma duk aji yana kallonta, ana murmushi.

Ta ce, "Busasshe ne, Malam. Malam Zakariyya'u ya ce madaci dama haka yake da nauyi."

"To, tunda shi ya faɗa, shi ke nan."

Aka fara aiki. Zarto ya riƙa maƙalewa. Garin katakon ba ya tashi, sai ya dunƙule kamar jiƙaƙƙen garin rogo. Nathan, sarkin barkwancin ajin, ya goge hannu a wando ya ce, "Malam, katakon nan gumi yake yi. Ko shi ma tsoron jarrabawa yake ji?"

Kowa ya yi dariya. Hadassah ma ta yi, amma tata ba ta kai ciki ba.

Cikin mako biyu aka gama kantar. Hawa huɗu ce, ja jawur. Kaka Edith ta zo da kanta, ta zagaya ta sau biyu, ta girgiza ta.

"Ba laifi, Ishaya. Ka yi ƙoƙari."

Malam Ishaya ya washe baki kamar ɗan aji uku. Kaka Edith ta jera littattafan da hannunta, ɗaya bayan ɗaya. Ta sa babban ƙamus a tsakiyar hawa na biyu.

Damina ta wuce. Rana ta fara zafi. Katakon ya fara bushewa, kuma ya fara yin duk abin da aka ce zai yi.

Hadassah ce ta fara gani, domin kullum da safe ita take riga kowa zuwa ta leƙa. Da farko wata siririyar tsaga ce kamar zare. Ta shafa mata jan alli. Bayan mako ɗaya kantar ta fara rangaji. Ta ninke takarda ta cusa a ƙarƙashin ƙafarta. Daga baya wani wari ya fara fitowa daga bayan littattafan, irin warin ɗakin da aka daɗe ba a buɗe ba. Ta buɗe taga.

Kullum takan ce, "Gobe zan gaya wa Malam." Goben ba ta zo ba.

Ranar Laraba, shida ga Nuwamba, ana tsakiyar darasin lissafi. Aji ya yi tsit.

Ƙaƙas!

Kowa ya ɗaga kai.

Rugum!

Hawa na biyu ya rufto a kan na uku. Gefen kantar ya buɗe, ƙusoshi a waje kamar haƙoran kifi. Littattafai suka watse ko'ina. Wani falanki ya faɗo daidai gefen ƙafar Nathan. Saura ƙiris.

"Wayyo Allah na!" in ji Nathan. Wannan karon ba barkwanci a bakinsa.

Malam Ishaya ya shigo a guje. Ya tsaya, baki buɗe. Ya sunkuya ya ɗauki littafi ɗaya. Bayansa ya yi baƙi da funfuna. Ya ɗauki wani. Jan ruwan katako ya shige shi har ciki. Ya ɗauki babban ƙamus ya gwada buɗewa. Shafukan sun manne, sun zama dunƙule ɗaya.

"Na shiga uku," ya ce a hankali. "Me zan gaya wa Malama?"

Aka aika aka kira Kaka Edith. Ta shigo, ta tsaya a bakin ƙofa. Ta durƙusa a kan gwiwoyinta masu ciwo, ta ware littattafan gida biyu. Ashirin da takwas sun tsira. Goma sha tara sun lalace.

Ta ɗauki ƙamus ta riƙe a ƙirji.

Sannan Kaka Edith ta ɗauki guntun falankin da ya karye, ta duba cikinsa, ta shinshina.

"Ɗanyen katako ne wannan. Ishaya! Wa ya sa ka yi kanta da ɗanyen katako?"

"Malama, wallahi an ce mini busasshe ne."

"Wa ya ce?"

Malam Ishaya ya dubi Hadassah. Kaka Edith ma ta dube ta.

"Hadassah, dubi idona. Me mai katako ya gaya miki?"

Hadassah ta dubi ƙamus. Ta dubi 'yan aji.

"Ya ce... ya ce busasshe ne, Kaka."

"Da bakinsa?"

"Da bakinsa."

Kaka Edith ta miƙe tsaye. Idonta ya kaɗa.

"Dattijo da gemunsa ya cuci yarinya ƙarama! Ya ga ba ta san komai ba, ya ɗora mata kayan da ya rasa mai saye! Ba zan yarda ba. Ko kusa ba zan yarda ba!"

Washegari, a taron safe, hedimasta ya tsaya gaban duk makaranta. Ya ce wani mai katako ya yaudari ɗalibarsu. Ya kira sunansa ƙarara. Ya ce makarantar ta fasa karɓar katakon sababbin bencina daga wurinsa.

Yara ɗari huɗu suka ji. Yara ɗari huɗu suka kai labari gida. Kafin Juma'a maganar ta zagaya Kakuri. An yi ta a wurin ɗiban ruwa, an yi ta a shagon tela. Kafintoci biyu daga Romi suka zo har bakin rumfar, suka wuce ta gaba.

Hadassah ta kasa cin abinci. Kaka Edith ta dafa mata faten acca, wanda ta fi so. Cokali biyu ta yi ta ture.

"Kada ki damu, jikata," in ji Kaka Edith tana shafa kanta. "Ba laifinki ba ne. Gobe zan ƙwato miki haƙƙinki."

Wannan magana ta fi bulala zafi.

Ranar Asabar da safe Kaka Edith ta ɗaura zanenta na zuwa coci. Ta sa ƙamus da guntun falanki a jaka. Ta ɗauki wata takarda da ta rubuta da jan biro. Ta riƙe hannun Hadassah. A hanya suka haɗu da Malam Ishaya, domin ta ce lallai ya zo ya zama shaida.

Malam Zakariyya'u yana zaune shi kaɗai a kan benci. Babu mai saye ko ɗaya. Da ya gan su ya miƙe.

"Sannunku da zuwa, Malama. Ga wuri."

"Ba zama ya kawo ni ba."

Ta ɗaga murya yadda duk layin zai ji. Masu rumfuna suka fito. Masu dako suka ajiye kaya. Mai sayar da kunun zaƙi ta matso da bokitinta.

Kaka Edith ta ɗaga ƙamus sama.

"Ku duba! Shekara arba'in da ɗaya littafin nan yana hannuna. Gara ba ta ci shi ba. Ruwan sama bai taɓa shi ba. Katakon mutumin nan ya kashe shi cikin mako shida!"

Mutane suka fara gunaguni. Malam Zakariyya'u ya karɓi ƙamus da hannu biyu, ya jujjuya shi. Fuskarsa ta canza.

"Subhanallahi. Wannan asara ce babba. Malama, ki yi haƙuri. Ina da laifi. Bai kamata in ba yarinya ɗanyen katako ba tare da na ga babba ido da ido ba."

"Ba wannan nake so ba!" Ta miƙa masa takardar. "Ga abin da za ka faɗa. Na rubuta don kada a rage ko harafi. Karanta da ƙarfi, a gaban jama'a."

Ya riƙe takardar nesa da idonsa, ya karanta a ransa. Abin da ke ciki shi ne: Ni Zakariyya'u na yi wa yarinya ƙarya. Na ce katakon busasshe ne, alhali na san ɗanye ne. Ina neman gafara.

Sannan ya miƙa mata abarta.

"Malama, zan ba ku busasshen katako. Zan haɗa muku kantar da hannuna. Amma wannan ba zan iya karantawa ba."

"Saboda me?"

"Saboda ban faɗa ba."

"To jikata ce maƙaryaciya ke nan?"

Malam Zakariyya'u ya juyo ya dubi Hadassah. Ba harara ba ce. Kallo ne kawai na mai gajiya. Ta jira ya tona ta. Ta jira ya ce, "Ke, maimaita saƙon da na ba ki." Bai ce ba. Ya sunkuyar da kai.

Wani daga cikin taron ya ce, "Ka ga ya rasa ta cewa."

Wani ya ce, "Kai, duniya! Har Malam Zakariyya'u?"

Wani kafinta da ya shigo layin da niyyar saye ya girgiza kai, ya juya zai tafi.

Dattijon ya cire hularsa ya riƙe a hannu. Kansa duk furfura. Hadassah ta ga yatsunsa suna murza bakin hular.

"Ni ce!"

Ba ta san da irin wannan ƙarfin za ta faɗa ba. Kowa ya waiwayo. Kafintan nan ma ya tsaya.

"Ni ce, Kaka! Ya ce mini ɗanye ne. Ya sa na taɓa, ya sa na ƙwanƙwasa. Ya nuna mini busassun, na ƙi, don ba su da kyau. Na ce masa Malam ne ya ce ja yake so."

Malam Ishaya ya dafe ƙirji. "Ni? Yaushe?"

"Ba ka ce ba, Malam. Ƙarya na yi. Ya kuma ba ni saƙo in kawo maka. Ya ce kada a buga ƙusa, a jera a inuwa, sai wata shida. Ban faɗa ba. Na ga tsagar tun tuni, na shafe ta da alli."

Ta fashe da kuka.

Mai kunun zaƙi ta rufe baki da hannu. Kaka Edith ta lalubi tarin falankai a bayanta, ta zauna a kai daɓas.

"Hadassah," ta ce da wata ƙaramar murya. "Na ce ki dubi idona. Kin dubi idona."

"Na ji tsoro ne, Kaka."

"Kika bar ni na ɗaura zane, na zo na ci mutuncin bawan Allah a gaban 'yan uwansa?"



Kaka Edith ta dafa gwiwa ta miƙe. Ta yayyaga takardar nan, ta zuba guntayen a jakarta. Ta juya ta fuskanci taron, ta ɗaga murya daidai yadda ta ɗaga da farko.

"Jama'a, ku saurara! Da ƙarfi na zage shi, da ƙarfi zan wanke shi. Mutumin nan bai yi ƙarya ba. Ni Edith na yanke hukunci ban ji ta bakinsa ba. Shekara talatin da biyar ina hana yara yin haka, yau ga shi ni na yi. Malam Zakariyya'u, na yi maka laifi. Ka gafarta mini."

Ta rusuna, duk da ciwon gwiwarta.

"Haba, Malama! Tashi, don Allah, tashi. Ya wuce."

"Bai wuce ba tukuna. Hadassah, zo nan."

Hadassah ta zo ta durƙusa a cikin garin katako.

"Baba, ka yi haƙuri. Na yi maka ƙarya, na kuma yi ƙarya a kanka. Ka yafe mini."

Malam Zakariyya'u ya mayar da hularsa. Ya kama hannunta ya tashe ta.

"Na yafe miki, jikata, duniya da lahira. Kin yi kuskure babba. Amma abin da kika yi yanzu, manya da yawa ba za su iya ba."

"Baba, me ya sa ba ka tona ni ba?"

"In na faɗa, maganata ce da taki, wasu su yarda, wasu su ƙi. Na bar ki da zuciyarki. Ga shi ba ta ba ni kunya ba."

Kafintan nan ya dawo yana sosa ƙeya. "Malam, falanki guda goma na zo nema... a ɗaure mini su."

"Kai, ɗazu ba tafiya za ka yi ba?" in ji mai kunun zaƙi. "Ƙafarka ce ta yi ribas?"

Aka bushe da dariya. Har Kaka Edith sai da ta murmusa.

Malam Zakariyya'u ya sake ɗaukar ƙamus. Ya ce a bar masa shi. Ya san wani mai ɗinkin littattafai a Tudun Wada, mai haƙurin raba shafi da shafi. Ba zai koma sabo ba, amma za a iya karanta mafi yawansa. Ya kuma ce Asabar mai zuwa 'yan ajin su zo rumfarsa, su sake haɗa kanta a gabansa.

A hanyar gida, Malam Ishaya yana biye da su, Hadassah ta ji kamar an sauke mata buhun siminti daga ka. Yunwa ma ta taso mata. Kaka Edith ta saya mata gasasshiyar masara, ta bari ta ci rabi, sannan ta yi magana.

"Saurara da kyau. Zaɓen katako don kyan launinsa kuskure ne, kuma kowa yana kuskure. Da kin faɗi gaskiya ranar Litinin ɗin farko, da ba a rasa ko shafi ɗaya ba. Ƙarya ce ta ci littattafan nan, ta kusa cin sunan mutumin kirki. In wanda ya fi ki sani ya ba ki shawara, ki ji. In an ba ki saƙo, ki kai. In kin yi laifi, ki ɗauki abinki, kada ki ɗora wa wani."

"Na ji, Kaka. Ba zan ƙara ba."

"Na yarda. Amma da saura."

Hadassah ta daina tauna.

"Mutum nawa suka ji ki yau? Talatin? Yara ɗari huɗu suka ji an kira shi mayaudari. Ishaya!"

"Na'am, Malama!"

"Ka gaya wa hedimasta ina zuwa jibi. Zai janye maganarsa, ya mayar wa Malam Zakariyya'u aikin bencina. Ke kuma za ki hau kan dakalin taron safe, gaban duk makaranta. Za ki kira sunansa, ki faɗi abin da ya gaya miki, ki faɗi abin da kika yi, ki nemi gafararsa. Ba da muryar sauro ba. Yadda na ƙarshen layi zai ji."

Hadassah ta ɗaga kai ta dubi kakarta ido cikin ido.

"Zan yi, Kaka. Za ki tsaya kusa da ni?"

Kaka Edith ta kama hannunta ta matse.

"Kafaɗa da kafaɗa. Ai ni ma ina da tawa da zan faɗa."